Nas ɗin da ke tsoron kiran likita

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in faɗi abin da idona ya gani a kwana tara da na yi ina jinyar mahaifiyata a wani asibitin gwamnati. Kafin nan ni ma ina cikin masu cewa nas-nas ba su iya komai ba sai tsawa da harara. Kwanan tabarma a gindin gado ya sa na sassauta baki.

Nas biyu ne a dutin dare, ɗakin kuma cike yake. A dare na huɗu, wajen ƙarfe biyu, numfashin wata tsohuwa da ke gadon kusa da mu ya canza. Babbar nas ta fita neman jini. Ƙaramar ta auna tsohuwar, ta sake aunawa, ta ɗauki waya ta ajiye har sau uku. Na ce, "Sista, ki kira likita mana." Ta rage murya ta ce, "Yaya, shekaranjiya da na tashe shi, a gaban marasa lafiya ya wanke ni tas, da safe matiron ta ɗora nata." Kusan awa guda aka yi kafin babbar ta dawo ta kira. Allah ya sa tsohuwar na da sauran shan ruwa.

Yarinyar nan ta san aikinta, ita ta fara gano matsalar. Tsoro ne ya ɗaure mata hannu, kuma ba wanda zai rubuta hakan a fayil. Da an rasa tsohuwar, cewa za a yi kwana ya ƙare. Gaskiya ne, amma Allah bai hana mu bincike ba.

A Ingila, rahoton binciken da lauya Robert Francis ya jagoranta, wanda ya fito a 2013, kan asibitin Stafford ya nuna yadda ƙarancin ma'aikata da tsoron faɗin gaskiya suka bar marasa lafiya cikin wulaƙanci, ga shugabanni sun duƙufa kan lissafin kuɗi. A 2014 kuma mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa bincike daga asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara: duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 na ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. Wannan fa Turai ke nan, inda ba a tura ɗan jinya sayen safar hannu da tsakar dare.

Mu a nan, hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya ta ce a 2024 nas 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku. Kowa na cewa albashi, kuma haka ne. Amma wanda ake dizgawa kullum a gaban jama'a, ko an ninka masa albashi zuciyarsa na waje.

Roƙona ga shugabannin asibitoci bai buƙatar kasafi daga Abuja. A kafa doka a rubuce, a manna a kowane ɗaki: nas ɗin da ta ga alamar haɗari ta kira likita kowane lokaci, ko da daga baya an ga ba komai, kuma wanda ya ci mata mutunci a kan haka shi zai amsa tambaya, ba ita ba.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano