Kafin a ɗauki kwatabak daga jami'a, a fara tambaya wasa nawa ya buga

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi tsokaci kan ƙwallon Amurka. Duk shekara wajen ƙarshen Afrilu ƙungiyoyin NFL, wato babbar gasar ƙwararru ta wasan, su 32 ke zama suna zaɓen yara daga jami'o'i, kuma ba wanda ake rububinsa kamar kwatabak, wato ɗan wasan da ke cilla wa 'yan uwansa ƙwallo, tunda duk wani hari a hannunsa yake farawa. To ni yadda ake auna yaran nan ne bai kwanta min ba. Kafin zaɓen a tara su a Indianapolis da gajeren wando, a ce su yi gudun yadi 40, su yi ta cilla ƙwallo ba mai kawo musu hari ba mai kayar da su, shikenan sai ka ji masu sharhi sun rikice wai an samu gwani. Haba! Tom Brady ma fa gudun nan bai yi abin kirki ba, sai na 199 aka ɗauke shi a 2000, ga shi ya tashi da kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na NFL, har sau 7.

Ku duba San Francisco 49ers. A 2021 sun sadaukar da manyan zaɓukansu don su hau na 3 su ɗauki Trey Lance, yaro mai ƙarfin hannu ga gudu, amma wasa 17 kacal ya fara a jami'ar North Dakota State, ita ma a lokacin ba a babban rukuni take ba. Shekara na zagayowa suka ɗauki Brock Purdy a na 262, na ƙarshe ƙurunƙus, wanda ya shekara 4 yana shan bugu a Iowa State. A 2023 aka tura Lance Dallas, shi kuwa Purdy ya kai 49ers Super Bowl a Fabrairun 2024.

Dalilin ba boyayye bane. A jami'a sau tari mai karɓar ƙwallo yana tsaye shi kaɗai fili fetal, koci kuma na gefe yana nuna maka komai da alama. A NFL masu tsaro za su nuna maka tsari ɗaya, ana taɓa ƙwallo su juye wani, kana da kamar daƙiƙa 3 ka gane tarkon, in mai karɓa na farko a rufe yake ka nemi na biyu, ga ƙato ya taho a guje zai haɗa ka da ƙasa. Wannan sai wanda ya sha gani, atisaye ba ya koyar da shi.

Wani zai ce ai baiwa ce, ga Patrick Mahomes. Eh, amma shi ma Kansas City zaunar da shi suka yi a benci kusan duk kakar 2017 yana kallon Alex Smith. Ƙungiyar da ba ta da wannan haƙurin, wallahi gara ta bar yaro mai wasa 17 irin Lance ta nemi irin su Jayden Daniels, da ya yi kaka 5 a jami'a kafin Washington ta ɗauke shi a 2024.

Na gode.
Wani mai bibiyar wasan