Shayin Pu'er a Kaduna: A Kiyayi Hunturu da Marka

Edita,

Bayan gaisuwa, ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu shan shayi a Kaduna kan wani ganye da ya fara zagawa a hannun jama'a, galibi ta hanyar 'yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou sarin kaya. Shi ne Pu'er, shayin ƙasar Sin da ake matsewa ya zama curi, a naɗe shi a farar takarda, a ce da mai saye yana daɗa kyau idan ya daɗe. Maganar daɗa kyau gaskiya ce, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne masu sayarwa ba sa faɗa. Ɗakin da wannan shayi ya zauna a ciki shi ke gyara shi ko ya kashe shi, kuma yanayin Kaduna na daga cikin masu wuyar sha'ani gare shi. Abin takaici ne mutum ya zuba kuɗi masu nauyi, damina ɗaya ta wuce, ya buɗe takarda ya tarar da funfuna.

Asalinsa lardin Yunnan ne a kudu maso yammacin Sin, kuma sunan garin Pu'er ya ɗauka, inda a da ake tara shi kafin fatake su labta wa dawakai da alfadarai su nufi Tibet. Tun 2008 ƙa'idar gwamnatin Sin ta keɓe sunan ga ganyen Yunnan mai faɗi wanda aka shanya a rana. Shanyar nan ita ta raba shi da koren shayin da muke dafawa a buta muna juyawa har ya yi kumfa. Shi koren da zafin wuta ake busar da shi don kada ya canja, saboda haka daga ranar da aka ƙulla shi sai dai ya yi ta raguwa. Pu'er kuwa sama-sama ake soya shi a kasko, a murza, a baza a rana, sannan a turara a matse. Sinadaran da ke rina ganye da ƙananan halittun da ke jikinsa ba su mutu duka ba, suna ci gaba da aiki a hankali muddin akwai ɗumi da ɗan danshi.

Iri biyu ne, kuma wajibi mai saye ya san wanda ke hannunsa. Akwai ɗanye, mai alamar 生 a takarda. Sabonsa ruwan ɗorawa ne, ga ɗaci ga bauri, kuma yakan ɗauki shekara goma zuwa ashirin kafin ruwansa ya yi ja, ɗacin ya kwanta. Akwai kuma nunanne, mai alamar 熟, wanda aka fito da hanyar yinsa a masana'antar Kunming a 1973 don rage wannan dogon jira. Ana tsiba ganyen, a yayyafa masa ruwa, a rufe, ana juyawa lokaci-lokaci na kwana 45 zuwa 60, tsibin yana ɗaukar zafi da kansa. Duk wanda ya san yadda kalwa ke zama daddawa ya gane abin da ke faruwa, ya kuma san cewa tsakanin nuna da lalacewa babu nisa. Sabon nunanne yakan zo da ɗan ƙarni, wanda ke barinsa bayan shekara ɗaya ko biyu. Daga nan ba ya canjawa sosai, don haka biyan ninki uku saboda an ce nunanne ya shekara talatin asarar kuɗi ce.

To, ga inda matsalarmu take. Shayin nan yana son danshin iska kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, da ɗumi digiri 20 zuwa 30 a ma'aunin Selshiyas, kuma yana son su zauna haka ba hawa da sauka. A Kaduna, daga Disamba zuwa Fabrairu danshi kan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, a Agusta kuma ya haura 80. Shawarar da ake yawan gani a intanet, wai a ɗora curin a kan kanta a bar shi ya sha iska, an rubuta ta ne don wasu garuruwa, ba namu ba. Wanda ya bi ta a nan zai yi asara sau biyu a shekara. Da hunturu ƙamshin zai fice, curin ya bushe ƙarau yana farfashewa, ƙura ta shige takarda, aikin nuna ya tsaya cak, ruwan ya koma mai ɗan tsami marar kauri. Shayin da ya yi hunturu biyu ko uku a haka da wuya ya farfaɗo. Da marka ta kama kuma, busasshen ganyen zai zuƙi danshi da sauri, takarda ta fara ɗigo-ɗigo, cikin 'yan makonni funfuna ta fito, musamman idan yana jingine da bango ko a ƙasan durowar kaya.

Maganin abin shi ne a raba shi da iskar ɗaki. A bar kowane curi a takardarsa, a sa shi a jakar leda mai azurfa a ciki mai zif, a matse iskar a rufe. Mai curi da yawa ya samu kula sabuwa ko roba mai murfi mai kamawa, ya wanke, ya shanya har warin roba ya fita gaba ɗaya, sannan ya jera su a ciki tare da ƙaramar na'urar auna danshi. Na'urar nan ba ta da tsada, kuma ba a ajiyar Pu'er a garin nan ba tare da ita ba. Ana iya gwada gaskiyarta a gida: a jiƙa gishiri a murfin kwalba ya yi damshi ba tare da ya narke ba, a rufe su tare a leda na yini guda. Idan na'urar ta nuna 75, lafiyarta lau. Idan ta nuna 70, a riƙa ƙara biyar a duk abin da ta faɗa. Akwai kuma 'yan ƙullin daidaita danshi da ake sayarwa, masu lamba 65 ko 69, suna sakin danshi da hunturu su zuƙe shi da damina. In babu su, ana iya ajiye ɗan kofin jiƙaƙƙen gishirin nan a cikin kular da hunturu na 'yan kwanaki, a cire shi da zarar na'ura ta kai 65, kuma kada ya taɓa takarda. Soso mai ruwa ko kofin ruwa zalla haɗari ne, domin a rufaffen wuri danshinsa ba ya tsayawa sai ya jiƙe ganye.

Lokacin rufewa ma yana da muhimmanci. Abin da ganye ya ɗauka a ranar da aka rufe shi, da shi zai zauna. Mafi dacewa shi ne ƙarshen Oktoba, ruwa ya ɗauke amma hunturu bai kankama ba. Rufe curin da ya kwana a waje cikin Agusta kulle shi ne da funfunarsa. Bayan an rufe, a buɗe sau ɗaya a wata na 'yan mintuna, a sansana, a duba takarda, a mayar. Kular ta kasance a kan katako ko benci, kamu biyu daga ƙasa, nesa da bango, a ɗakin da rana ba ta dukansa. Ɗakin kwano marar sili da bazara tanda ne, zafinsa na dafa ɗanye ya sa shi tsami. Hasken rana ta taga ma yana ɓata ɗanɗano. Firji kuwa kada a kusance shi: sanyi na tsayar da nuna, warin abinci na shiga, kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta ganyen zai yi gumi.

Wani abin da ya fi shafar gidajenmu shi ne wari da ƙamshi. Busasshen ganyen shayi yana kama duk abin da ke iska, kuma idan ya kama ba ya saki. Turaren wuta, humra, kafur na cikin akwatin tufafi, maganin sauro, hayaƙin janareto, kananzir, sabon fenti, soyen madafa, kowannensu ya isa ya lalata ajiyar shekara goma cikin mako guda. Ɗakin uwargida da ake turarawa kullum ba wurinsa ba ne, komai tsaftarsa. Haka nan a raba ɗanye da nunanne, domin warin ƙasa na nunanne yana danne ƙamshin ɗanye. Tukunyar ƙasa tana da amfani ga ɗan abin da aka ɓantaro za a sha cikin mako biyu, amma ba ta riƙe danshi da hunturu, ba ta kuma hana shi shiga da marka, kuma wadda ta taɓa ruwa ko mai ba ta yi.

Idan aka ga wani abu fari mai kama da auduga a jikin curi, ko kore, ko baƙi, tare da warin rima, ruwan ya fito gurɓatacce yana ƙaiƙayin maƙogwaro, a zubar da curin duka. Kankarewa da shanyawa a rana ba sa gyara shi, domin wasu nau'o'in funfuna na fitar da guba wadda tafasasshen ruwa ba ya kashewa. Kada dai a rikita funfuna da farin gashin tohon ganye, wanda ke kwance a jikin ganyen yana ƙyalli. Sannan akwai wani baƙin shayi na lardin Hunan mai suna Fu, wanda da gangan ake raino masa 'yan ɗigo ruwan zinare a cikin bulonsa. Wannan daban ne. Ɗigon rawaya a jikin Pu'er lalacewa ce.

Wajen saye, nauyi ne abu na farko da za a duba. Zagayayyen curi galibi giram 357 ne, ana ɗaure bakwai a ɓawon gora su kai kusan kilo biyu da rabi. Akwai mai siffar ɗan kwano na giram 100, da bulo na giram 250. A tsakiyar ganyen akan manna 'yar takardar masana'anta tun lokacin matsewa. Lambobi huɗu da ake gani a takarda su ne aka fi cutar mutane da su. A 7542 ko 7572, lamba 75 shekarar da aka tsara haɗin ce, wato 1975, ba shekarar da aka yi curin ba, kuma har yanzu ana yin sababbi da wannan lamba. Ta uku darajar ganye ce, ta ƙarshe kuma masana'anta: 1 Kunming, 2 Menghai, 3 Xiaguan. Ranar yi tana bayan takarda. Duk wanda ya ce maka 7542 ɗinsa ya shekara hamsin saboda lambar, ko bai sani ba ko yana so ya cuce ka.

Kasuwar Fangcun a Guangzhou ita ce cibiyar cinikin wannan shayi, kuma a can ma jabu ba ya da wuya. Takarda ana iya tsofar da ita, ana iya buga ta Dayi, tambarin masana'antar Menghai, a naɗe ganyen banza. Sunaye irin su Lao Banzhang da Bingdao na ƙananan ƙauyuka ne, ganyensu kaɗan ne kuma mai tsananin tsada, don haka ganin sunan a curi mai araha ya isa shaida. Hanya ɗaya ce tabbatacciya: a sayi giram 25 a ɗanɗana kafin a sayi curi, a sayi curi kafin a sayi ɗauri. Ruwan ya zama garau, kuma ganyen da aka gama jiƙawa ya zama mai laushi da jan jiki, ba baƙi mai narkewa a yatsa ba. Masu tunanin tara shi don ya yi daraja su tuna cewa a 2007 farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a Sin sannan ya rushe, mutane da yawa suka tafka asara, kuma a nan babu kasuwar da za a sayar da tsohon curi. A saya don sha. Wanda zai sa a kawo masa ya nace a rufe shi a jakar azurfa tun daga can, domin kwantena ɗaya da takalma da sabulu da turare, ga zaman tashar jirgin ruwa cikin rana, ta isa ta gama da shi kafin ya iso. Mai niyyar sayarwa kuma ya nemi rajistar NAFDAC kamar kowane abincin da aka shigo da shi.

Haɗa shi ba wuya. A sa siririyar wuƙa ta gefen curi a ɗaga ganyen falle-falle, bakin wuƙar yana kallon nesa da hannu. Fasa shi da ƙarfi na mayar da shi gari, gari kuma ɗaci yake kawowa. Giram 7 ya ishi ƙaramar buta mai cin mililita 100 zuwa 120. A zuba tafasasshen ruwa, a tsiyaye bayan daƙiƙa biyar a zubar, sau ɗaya ga ɗanye, sau biyu ga nunanne. Sannan a jiƙa na daƙiƙa goma, a juye duka, ana ƙara 'yan daƙiƙu a kowane zagaye. Ganye mai kyau yana ba da zagaye takwas zuwa goma. Mai son sauƙi ya sa giram 5 na nunanne a filas mai rabin lita. Nunanne yana jure dafuwa a kan gawayi, yana kuma karɓar madara. Sabon ɗanye kuwa idan aka dafa shi irin dafuwar ataya ba ya shawuwa. Ruwan famfo mai warin sinadari da na burtsatse mai tsatsa duk suna dusashe shi, gara ruwan da ba shi da wari ko ɗanɗano.

Daga ƙarshe, ana tallarsa a matsayin maganin ƙiba da hawan jini da ciwon suga. Shayi ne, yana ɗauke da sinadarin da ke hana barci kamar kowane shayi, kuma shansa tare da abinci na rage ƙarfen da jiki ke samu, abin da ya kamata masu juna biyu da masu ƙarancin jini su lura da shi. Sabon ɗanye yana damun mai gyambon ciki idan ciki ba komai, don haka ba abin buɗa-baki ba ne da azumi. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya ajiye maganinsa saboda wani ya sayar masa da curin shayi.

Naka,
Mai karatu daga Unguwar Rimi, Kaduna