Dan Allah a daina fasa wa yara motocin gwangwani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa tare da fatan kuna lafiya ku da ma'aikatanku baki daya. Na rubuto ne akan wani abu da yake ci mini tuwo a kwarya a nan zangon Kumasi, daga Aboabo har Asawase da Sawaba, zaka ga yaro ya tara gwangwanin madara da na Milo, ya yanka tsohon silifas yayi tayoyi, ya lankwasa waya yayi sitiyari, ya kera mota har da kofar da take budewa, amma ladan da zai samu shine uba ya taka ta da kafa ace wasan banza ne ya hana shi karatu. Wallahi wannan abu yana bani takaici, domin abin da yaron nan yake yi, a wasu kasashe manyan mutane masu furfura ne suke kashe kudinsu akai, kuma kamfanoni suke ci da shi.

Ni kaina ina hada irin wadannan kananan motoci da jirage na roba da ake sayarwa a kwali. Kamfanin Airfix na Ingila tun a shekarun 1950 ya fitar da karamin jirgin yaki Spitfire, Tamiya na Japan kuma su ne suka yi suna a tankokin yaki da motoci, akwai Revell da Hasegawa. Kowane kwali da ma'auninsa a jiki. In ka ga 1/72, santimita daya a hannunka santimita 72 ce a jikin jirgin gaske, shi yasa Spitfire mai tsawon mita 9 da doriya yake dawowa wajen santimita 13. Motoci yawanci 1/24 ne, tankoki 1/35, manyan jiragen fasinja 1/144. To yaron da ya zauna yana raba tsawon mota da 24 don ya san inda zai yanka, dan Allah wane karatu ne ya bari? Lissafin da malam yake fama dashi a allo ne ya shigo hannunsa.

Inda aikin yake da dadi kuma da wuya shine fenti. Burushi yana barin layi komai kwarewarka, shi yasa ake amfani da eyaburosh, karamar bindigar feshi ce da bata wuce girman biro ba, ana hada ta da karamin kwampreso. Akwai allura siririya a cikinta, wadda aka fi farawa da ita mai baki 0.3 na milimita ce, ka danna kunamar kasa iska ta fito, ka ja ta baya kadan kadan fenti ya biyo, iya jan da kayi iya fentin da zai fita. Iskar ma ba da yawa ba, 15 zuwa 20 a agogon kwampreso ya isa. Fentin sai an tsinka shi yayi ruwa ruwa kamar madara, in yayi kauri zai toshe ko ya rika tofi, in ya tsinke da yawa sai ya zube yayi kafafuwa a jikin robar. Kuma a fesa shara shara a bari ya bushe a sake, ba a lafta shi lokaci guda ba. Yaron da ya koyi wannan hakurin, wallahi ko ina ka kai shi zai zauna.

Mu nan muna da namu matsalolin da takardar cikin kwali bata fada. Da damina iskar Kumasi cike take da danshi, ruwa yana taruwa a cikin tiyo, kana tsakiyar feshi sai ya watso maka digo akan aikin da ka gama gogewa, dole sai da dan kwalbar nan mai tace ruwa a bakin kwampreso. Da hunturu kuma kura ce, ka fesa ka juya baya ta sauka ta manne, ni dai kwali nake kifawa akai. Ga dumso, wato yawan dauke wuta, shi yasa kwampreso mai tanki ya fi, ko wuta ta dauke kana da sauran iskar da zaka karasa gefe daya ka wanke allura kafin fenti ya bushe a ciki. Sannan kar wanda ya zuba tinar fentin mota, wato ruwan tsinka shi, kai tsaye akan robar, cinye ta take yi, supa gulu kuma yana sa gilashin jirgi yayi fari fat.

Wasu iyaye damuwarsu mutum-mutumi ce, kuma na fahimce su. To a bar yan sojojin da ke zuwa a wasu kwalaye, mota da jirgi da kwalekwale ai basu da rai.

Abin da nake roko Edita, a isar da shi ga mutanenmu na Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota, musamman mastoci masu fentin mota, da yawansu yan zango ne. Ku kun san iska, kun san tsinka fenti, kun san sanfefa, in kun ga yaro mai hannu a unguwa ku jawo shi ko ranar Asabar ce ya ga yadda ake rike bindigar feshi. Yan kasuwarmu na Kejetia da Adum masu sauke kaya daga Chaina da Dubai, ku dan sako kwalaye kadan da kananan eyaburosh masu sauki, ba sai Iwata ko Badger masu tsada ba, yanzu sai mutum ya jira dan uwa mai dawowa daga waje kafin ya samu kwalbar fenti daya. Jami'ar KNUST tana nan kusa damu, daliban zanen gine gine da hannu suke hada kananan gidaje na kwali da katako kafin a basu maki, aikin daya ne da na yaran nan. Kuma ni burina in ga yaranmu sun kera namu, tsohuwar Bedford mai bodin katako da rubutu a goshi, trotro, ko jirgin DC-10 na tsohon kamfanin Ghana Airways da ja da rawaya da kore a jiki, don ban taba ganin kwalin trotro daga Japan ba, sai dai mu muyi abinmu.

Amma dan Allah duk wanda zai sa yaro feshi, kar ayi a cikin daki a rufe, dakunanmu na zango dama kanana ne kuma a nan ake kwana. A fita tsakar gida ko baranda, a fara da fentin akirilik da ake tsinkawa da ruwa, in kuma mai tina ne to sai da takunkumi mai katirij na tace iska, kyallen da ake daurawa a hanci baya tare warin nan, kai tsaye huhu yake tafiya. Mastocin Magazine ma wannan maganar ta shafe ku, fentin mota mai hadi biyu da kuke fesawa yana jawo asma.

Nagode da bani fili.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Aboabo, Kumasi