Rahoton Ayyukan Shekarar 2024: Inda Gasar Muhawara Ta Kwana a Shiyyoyinmu

Assalamu alaikum, iyayenmu malamai da 'yan uwa mambobi. A madadin kwamitin gudanarwa, ga bayanin abin da ƙungiya ta yi a shekarar 2024.

Bana ma ba a yi gasar muhawara tsakanin shiyyoyin Katsina, Daura da Funtuwa yadda muka tsara ba. Mun aika wa makarantun sakandare takardun gayyata tun a zangon karatu na biyu, da yawa sun amsa da farin ciki, amma da lokaci ya matso sai uzuri ya yi ta shigowa. Wasu sun ce babu kuɗin mota, wasu iyaye ne suka hana, wasu kuma malamin da ke kula da kulob ɗin muhawara an yi masa canjin wurin aiki, ba a naɗa wani ba.

A taron bara wasu daga cikinmu sun ɗora laifin a kan yaran zamani da wayar hannu. Kwamiti bai gamsu da wannan ba, domin abin da muka gani a makarantu ya saɓa da shi. Matsalar ta tafiya a hanya ce. Tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, kulob-kulob suka watse. Ba a gama farfaɗowa ba aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020, gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana, sannan satar ɗaliban Kagara da Jangebe ta biyo baya a Fabrairun 2021. Makarantun kwana kuwa su ne gidan muhawara tun asali, saboda a can ake da yammacin Asabar da zauren taro da malami mai kwana a harabar makaranta. Daga wannan lokaci, shugaban makarantar da zai sa hannu a ɗebi 'ya'yan mutane a bas a bi da su hanyar da ake fargaba sai an tona, kuma ba ma ganin laifinsa. Sai ga cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ga zango na uku da WAEC da NECO suka cinye, 'yan aji shida ba su da lokacin komai sai lesin.

Ganin haka muka sauya dabara. Maimakon jiran babbar gasa, muka haɗa makarantun da ke gari ɗaya, waɗanda yara za su iya takawa da ƙafa ko a hau Keke Napep a dawo kafin la'asar. An yi irin wannan karawa a manyan garuruwan shiyyoyin uku, ba babban baƙo, ba rumfa, ba hayar lasifika. Mambobinmu ne alƙalai, ɗalibi ɗaya yana riƙe da agogo, idan minti biyar ya cika ya buga ƙararrawar makaranta.

A nan muka ga abin da ya kamata mambobi su sani. A wata karawa kan ko makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo, mai magana na farko ya zuba Turanci tiryan-tiryan, har ana tafi. Da aka zo mayar da martani, wata ɗaliba 'yar aji biyar ta tambaye shi wa zai tsare ɗakin kwanan da dare. Ya duba 'yar takardar da ke tafin hannunsa, ya juya bayanta, ya sake maimaita sakin layin da ya haddace. Jawabin daga waya aka kwafo masa, amsar tambayar kuwa ba ta ciki. Wannan ba laifin yaron ba ne, bai taɓa karawa da wanda ba ɗan ajinsu ba. Abin da gasar shiyya take koyarwa ke nan a da: ka saurari baƙon da ba ya jin nauyinka, ka ba shi amsa nan take.

Mun kuma gwada zagaye ɗaya da Hausa. Wasu dattawanmu sun nuna damuwa cewa hakan zai raunana Turancin yara, kuma damuwar tana da tushe tunda da Turanci ake rubuta jarrabawa. Sai dai yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba sun miƙe sun kawo hujja, har da masu jan hankalin alƙali cewa abokin karawa ya kauce daga maudu'i. Shawararmu a ci gaba da yin duka biyun.

An yi wa malamai masu kula da kulob bita ta yini ɗaya kan yadda ake ba da maki, domin har yanzu wasu alƙalan sun fi saka wa murya da lafazi fiye da hujja. Takardar neman tallafi da muka kai wani ofishi ba a amsa ba tukuna.

Batun kuɗi, ma'aji zai karanta cikakken lissafi a zauren taro. A taƙaice, mafi yawan abin da ya shigo daga kuɗin wata-wata ne, kuma akwai mambobi da dama da ake bi bashi. Muna godiya ga waɗanda suka ba da motocinsu da mansu ba tare da an roƙa ba, Allah Ya saka da alheri. Muna kuma yi wa mambobinmu da suka rasu a cikin shekarar addu'ar Allah Ya jiƙansu.

Abu biyu kwamiti yake so babban taro ya yanke hukunci a kai. Na farko, a daina sayen kofi da garkuwa da kyautar manyan baƙi, a mayar da kuɗin ga sufuri da abincin yara. Na biyu, a shekarar 2025 a haɗa zakarun garuruwa a wasan ƙarshe guda ɗaya cikin birnin Katsina, a zango na biyu kafin azumi, tafiyar rana kawai, kuma da rubutaccen izinin iyaye. Duk mai son shiga jerin alƙalai ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa.