Wasiƙa: Don Allah a leƙa mana Buenos Aires ko sau ɗaya

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya ƙoƙari. Ni mai karanta jaridarku ne tun ba yau ba, kuma ƙorafi ne ya kawo ni ba komai ba, duk sanda kuka tashi rubutu kan wuraren zuwa buɗe ido to Dubai ce, in an gaji a koma Istanbul ko Alƙahira, kai ka ce nan duniyar ta ƙare. Shi ne nace bari in ɗan ba masu karatu labarin Buenos Aires babban birnin Ajantina, inda na yi sati uku wajen wani kwas kan kiwon shanu, don mu a nan in aka ce Ajantina to Messi da Maradona shikenan, ni ma kafin in je iyakar sanina kenan.

Tafiyar dai ba wasa ba ce, ta Adis Ababa muka bi, muka yada zango a Sao Paulo ta Burazil sannan muka sauka filin jirgin Ezeiza na Buenos Aires, ƙafata har kumbura ta yi. Kuma watan Yuli ne, na ɗauko kaftani marasa nauyi kamar mai zuwa biki Kaduna, ashe su can lokutansu a juye suke, Yuli tsakiyar hunturu ne Janairu kuma zafi, wallahi a daren farko da safa biyu na kwana. Wannan kam kar wanda ya maimaita wautata.

Shawarar da zan ba duk wanda Allah ya kai shi, ya shirya kwanakinsa yadda Alhamis da Juma'a za su same shi a garin, sauran wurare ko yaushe ka je kana iya gani amma waɗannan biyun ranarsu ce. Alhamis da ƙarfe uku da rabi na yamma ka je dandalin Plaza de Mayo, gaban fadar shugaban ƙasa mai fenti ruwan hoda da suke kira Casa Rosada. Dandalin kansa tarihi ne, a nan aka yi juyin 25 ga Mayu 1810 da ya fara raba su da mulkin Sifen, tsohon ginin majalisar garin ma na nan fari fat a ɗaya gefen. To amma ba gini ya tsayar da ni ba. A ƙasa za ka ga an zana fararen ɗankwalaye an kewaye wata doguwar hasumiya da su, na tambayi wanda ya raka mu, wani likitan dabbobi ɗan garin, yace mu jira. Can sai ga wasu 'yan tsofaffin mata, wata da sanda wata a keken guragu ana tura ta, kowacce da farin kallabi ɗaure a haɓa, jama'a na biye da su ana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya ana amsawa da kalma guda, "presente", wato yana nan.

Iyayen waɗanda sojoji suka sace ne a mulkin 1976 zuwa 1983. A zo gida da dare a mota ba lamba a tafi da yaro, ɗalibi ko ɗan ƙungiyar ƙwadago ko ɗan jarida, daga nan ba kotu ba gawa ba kabari, wasu allura ake musu su fita hayyacinsu a jefo su daga jirgin sama cikin ruwa, ƙungiyoyin kare haƙƙi na cewa mutum 30,000 aka ɓatar. Ranar 30 ga Afrilu 1977 mata 14 suka zo dandalin neman bayani, da yake an hana taro 'yan sanda suka ce ba a tsayawa su yi gaba, su kuwa sai suka riƙe hannun juna bibbiyu suka kama zagaye, ai ba a ce kar a yi tafiya ba. Kallabin nan ma asalinsa ƙyallen ƙunzugun jarirai ne suka ɗaura a ka don su gane juna cikin taro. Wadda ta fara haɗa su, Azucena Villaflor, ita ma a Disambar wannan shekarar aka sace ta aka kashe, amma zagayen bai tsaya ba har yau. Akwai kuma ƙungiyar kakanni da ke neman jariran da aka haifa a tsare aka raba wa wasu gidaje, sun gano sama da 130. Malam Edita, ni da na fito daga inda uwa ke kwana ba ta san wane daji ɗanta yake ba, ban iya ɗaga waya na ɗauki hoto ba, na dai tsaya ina kallon takalmin wata tsohuwa, na roba ne irin na gida, tana jan ƙafar a hankali a hankali. Wanda zuciyarsa ke ɗauka ya ƙarasa tsohuwar makarantar sojan ruwa ta ESMA inda aka tsare mutane da yawa, an mai da ita gidan tarihi, a 2023 ma UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya.

Washegari Juma'a kuma sai unguwar Palermo. Gaskiya ban taɓa zaton zan ga masallaci haka a ƙasar da Fafaroma Francis ya fito ba, Cibiyar Musulunci ta Sarki Fahad ce, Saudiyya ta gina aka buɗe a 2000 a kan filin da gwamnatin Carlos Menem ta bayar, shi Menem ɗin ma iyayensa daga Siriya suka yi ƙaura. Hasumiya biyu, harabar kuwa sai ka gaji da tafiya, jirgin ƙasa na wucewa ta kusa. Ka riƙe fasfonka don a ƙofa an tambaye ni. A sahu na tsaya tsakanin wani dattijo jikan Larabawan Sham wanda Larabcinsa bai wuce na sallah ba da wani matashi ɗan Sanagal mai sayar da agogo da tabarau a unguwar Once, yana jin nace Najeriya ya rungume ni kamar ɗan ɗakinsu, shi ne ma ya yi min kwatancen inda ake samun naman yanka na halal. Wannan bayanin ya yi min rana, don mutanen nan da nama ba a magana, gashin da suke kira asado ko mai balangun da ya fi kowa a garinmu zai sara musu, a kan garwashi ake barinsa awa da awanni gishiri kawai ake sa masa ba yaji ba ƙuli, amma a kan waya ɗaya ake gasa shi da tsiran alade. Kalma biyu na haddace tun a jirgi, "cerdo" alade ne "jamón" ma naman alade ne, in ka gansu a takardar abinci ka wuce. Kuma abincin dare sai tara ko goma, ka je bakwai ka tarar ana share wuri. Shayinsu mate kuwa ɗaci kamar maɗaci, a ɗan ƙoƙo ɗaya da tsinken ƙarfe ɗaya ake zagayawa da shi kowa ya zuƙa ya mayar wa mai zubawa, ya tuna min zaman ataya, in kace na gode wai nufinka ka ƙoshi, ni kuwa zuƙar farko na yi godiya irin ta Bahaushe aka daina ba ni, da ma haka nake so.

Masu ƙwallo na san sun ƙosa. Eh na je La Boca, na ga filin Boca Juniors da ake kira La Bombonera wanda aka buɗe 1940, shuɗi da rawaya tun daga bango har kwandon shara, hoton Maradona a kowane lungu kamar wani waliyyi. Mai sayar da riguna ya tambaye ni ƙasata, ina faɗa ya ɗaga yatsu biyar yana dariya, wato sau biyar da suka doke mu a gasar kofin duniya, 1994, 2002, 2010, 2014 da 2018. Ba Sifaniyanci gare ni ba amma nace masa Atlanta 96, uku da biyu, Amunike, wato wasan ƙarshe na Olamfik da muka ci su, ya dafe kai. Da kansa kuma ya ambaci Musa, bai manta ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya zura musu a 2014 ba, daga ƙarshe ya rage min kuɗin riga. Layin Caminito mai gidajen langa-langa kala-kala da ke kusa da nan kuwa a ganina an fi zuzuta shi, minti ashirin ya isa, duk 'yan kasuwa ne da masu rawar tango da ke neman ka yi hoto ka biya, kuma kar a kuskura a bar inda jama'a suke a kutsa lungu.

Maganar lungu ta tuna min, ran Lahadi a kasuwar tsofaffin kaya ta San Telmo, wadda ke cika titin Defensa tun daga dandalin Dorrego, na ji wani abu mai sanyi ya zubo min a kafaɗa, kafin in waiga wata mata mai kamala ta fito da tishu tana nuna sama wai tsuntsu ne, wani namiji kuma yana cewa in ajiye jaka ya goge min. Allah ya taimake ni an riga an ja mana kunne, na ƙanƙame jakata na shige wani shago, ashe miyar kwalba ce suka watsa min. Wanda ya saba da Kantin Kwari ana gobe sallah ba zai sha wahala ba. Unguwar dai ta cancanci zuwa, a da can ita da Montserrat unguwannin baƙar fata ne, jikokin bayin da aka kawo daga Afirka, a ƙarshen zamanin mulkin Sifen sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen garin, yau kuwa sai ka wuni kana yawo ba ka ga baƙi biyar ba. Annobar shawara ta 1871 ce ta kori attajirai daga wannan ɓangaren suka koma arewacin garin.

Can arewan ne maƙabartar Recoleta take, wadda kowa ke cewa sai ka je. Na je, kaburbura ne kamar gidajen bene na marmara da tituna da ƙofofin gilashi, layi ake yi a ga na Eva Perón matar shugaban ƙasa da ta rasu 1952 tana da shekara 33. Ni dai da na saba da ƙasa da itace da fasasshiyar tukunya a kan kabari raina bai kwanta ba, ban daɗe ba na fito. Gara min kantin littattafai na El Ateneo Grand Splendid, tsohon gidan wasan kwaikwayo ne na 1919 aka jera littattafai inda kujerun 'yan kallo suke, dandamalin kuma ana shan shayi a kai, mutum ya ɗauki littafi ya zauna ya karanta ba mai ce masa saya ko tashi. Doguwar hasumiyar Obelisco ta 1936 mai tsawon mita 67 da ɗoriya ba sai ka nema ba, tana tsakiyar titin 9 de Julio wanda faɗinsa ya sa ban taɓa tsallake shi a danja ɗaya ba.

In tafiyar ta faɗo Yuli, makiyayanmu da masu harkar kara su nemi baje kolin dabbobi na La Rural, da ƙafa ma ana zuwa daga masallacin. Na ga bijimin da ake wa wanka da shamfu ana busar masa da gashi da na'ura, na tura wa kawuna bidiyon a Whatsapp yace ƙarya ne haɗi ne. Don Allah Malam Edita in akwai wuri a buga min wannan, hotunan bijimin na nan a wayata in kuna so sai in turo, ko kawun nawa ya yarda in ya gani a jarida.

Naku, wani ma'aikacin lafiyar dabbobi daga Zariya.