A Saurari Dabarar Ƙaramin Ma'aikaci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan shirin raya ƙasa na SND30, wanda gwamnatin Kamaru ta tsara daga 2020 zuwa 2030 don bunƙasa masana'antu da rage dogaro da kayan waje. Manufar tana da kyau, amma a ganina ba za ta kai ko'ina ba muddin shugabannin wuraren aiki ba sa sauraron na ƙasa da su.

Ina aiki a wata masana'antar matse man gyaɗa a Garwa. Bara wani ƙarfe ya karye a injinmu. Sabo sai daga Duwala, a hawo da shi jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, sannan a ɗoro shi a mota. Wani matashin bakanike ya zana ƙarfen a bayan kwali, ya ce masu walda na cikin gari za su ƙera shi cikin kwana biyu. Aka ce ya rubuto takarda. Takardar ta kwanta a tebur, inji ya yi mako uku a tsaye, buhunan gyaɗa jibge a rumbu. Tun daga ranar yaron bai sake kawo shawara ba, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Shawarata ita ce kowane darakta ya riƙa zama da ma'aikatansa sau ɗaya a wata, shi da kansa, a bakin inji. Ya ware ɗan kuɗi don gwada dabarun da aka kawo. Wadda ta yi aiki, a faɗi sunan mai ita gaban kowa a ba shi tukuici. Wadda ta ƙi, kada a zaftare masa albashi.

Naku,
Wani ma'aikaci, Garwa