A bar uwar wel ta shayar da ɗanta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan uwanmu masu zuwa Afirka ta Kudu karatu ko yawon buɗe ido.

A watan Satumba muka je Hermanus, wani gari a bakin teku mai nisan kusan kilomita 120 daga Kef Taun, don kallon kifin wel. Kifi muke ce masa, amma dabba ce mai huhu, tana haihuwa tana shayarwa kamar saniya. Daga Yuni zuwa Nuwamba sukan baro ruwan sanyin kudu su zo nan haihuwa. Na ga wata uwa, ɗanta manne da haƙarƙarinta. Da ta huro numfashi, feshin ya rabu gida biyu a sama, ƙarar ta shige ni har ƙirji. Kifin Annabi Yunus ya faɗo mini a rai, na kama tasbihi.

Sai ga wani ɗan uwanmu a jirgin ruwan da ya kai mu kallon ya takura wa matuƙi, har da zaro kuɗi, wai a ƙara matsawa ya samu bidiyo mai kyau. Matuƙin ya ƙi. Wallahi kunya ta kama ni.

Uwar nan fa kusan azumi take yi. Watannin da take gaɓar nan ba ta cin abin kirki, kitsen da ta tara shi take mayarwa nono. Duk gudun da jirgi ya sa ta, daga cikin abincin jaririn aka ɗiba. Rugugin inji kuma yana danne kiran da suke wa juna. Ga shi yawanci sai bayan shekara uku take sake haihuwa, kuma farauta ta kusa ƙarar da irinsu kafin a ba su kariya a 1935.

Dokar ƙasar ta hana jirgin da ba shi da lasisi kusantar su ƙasa da mita 300, mai lasisi kuwa iyakarsa mita 50. Don Allah a tambayi lasisi kafin a biya kuɗi. In uwar wel ɗin ce ta matso da kanta, a bar ta, kada a miƙa hannu.

Washegari na bi hanyar ƙafa da ke saman duwatsun gaɓar. Mai shelar garin ya busa ƙahonsa na ciyawar teku, alamar an hango su. Na zauna a kan dutse awa biyu ina kallon uwa uku da 'ya'yansu, ko sisi ban biya ba.

Naku,
Wani ɗalibi daga Kef Taun